Ka tafi Jamus, amma ka tafi da tambayar Challawa

A satin da ya wuce wani ya turo wata sanarwa a zauren WhatsApp na ajinmu: gurbin bincike a Jamus, kuɗin jirgi kyauta, albashi duk wata, har da kuɗin koyon Jamusanci. Kafin minti goma zauren ya cika da addu'a. Wannan ya ce Allah ya sa da mu, wancan ya ce shi dai in ya fita ba mai sake ganin ƙeyarsa. Wani ma har ya fara tambayar nawa ake yin fasfo yanzu. Sai da wata a cikinmu ta buɗe sanarwar ta karanta har ƙarshe sannan ta ce mana, ku kwantar da hankalinku, wannan na masu digirin digirgir ne. Mu kuwa muna aji uku, ko digirin farko ba mu kai ga kammalawa ba.

Mun yi dariya, an wuce wurin. Ni dai abin ya tsaya min a rai, na koma na bi diddigin irin waɗannan guraben. Abin da na gani ne ya sa na ce bari in yi magana da 'yan uwana matasa, musamman mu na Kano.

Da farko dai, mene ne wannan gurbi? Idan mutum ya gama digiri na uku, ya zama Dakta, akan ba shi dama ya je wata jami'a ko cibiyar bincike ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki da wani gogaggen farfesa, ana biyansa, ba ya biyan ko sisi. Ba karatun aji ba ne, ba jarabawa. Bincike ne zalla. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da irinsa mai suna Georg Forster, wanda aka ware wa masana daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da gama digirin digirgir ba. Tarayyar Turai tana da na Marie Curie, wanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema. Birtaniya tana da na Newton. Akwai kuma cibiyar TWAS da ke birnin Trieste a Italiya, wadda masanin kimiyya ɗan Pakistan Abdus Salam ya jagoranci kafa ta a 1983, ita kuma tana haɗa masanan ƙasashe irin namu da ɗakunan bincike a ƙasashe kamar Indiya.

Wani sharaɗi a gurbin Georg Forster shi ne ya tsayar da ni. Suna son mai nema ya nuna yadda bincikensa zai amfani ci gaban ƙasarsa. Har ma suna da tallafin da suke ba wanda ya koma gida, na tsawon shekara guda, don ya zauna da gindinsa. Wato Bajamushen da zai ba ka kuɗin ma tambayarka yake yi: wace matsala ka baro a gida? Mu kuma a nan muna kallon abin a matsayin tikitin japa.

To in dai matsala ake nema, ba sai an yi nisa ba. Ka hau Adaidaita ka nufi Sharaɗa, ko ka gangara Challawa ta wajen Panshekara. Hancinka zai gaya maka ka iso kafin idonka ya gani. Kamfanonin jimar fata suna amfani da sinadarin kuromiyom, kuma ba duka fata ke shanyewa ba, ragowar yana bin ruwan da ake zubarwa. Ruwan Sharaɗa yana bi ta rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bi ta Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi har dam ɗin Wasai. A bakin waɗannan rafuka akwai manoman rani da ke shayar da latas da kabeji da alayyafo. Ka tambayi kanka, ina kayan nan suke zuwa? Kasuwa. Daga kasuwa kuma sai tukunyar gidanku da ta gidanmu.

Ba wai ba a sani ba ne. Malaman Jami'ar Bayero da na sauran jami'o'i sun daɗe suna ɗibar ruwan nan suna aunawa, suna rubuta sakamako a mujallun kimiyya. An auna, an sake aunawa. Abin da ya rage shi ne mataki na gaba: yaya za a cire sinadarin daga ruwan a kan kuɗin da ƙaramin kamfani zai iya biya, ta hanyar da ba za ta tsaya ba don an ɗauke wuta? A nan ne gurbin bincike na waje yake da rana, domin yana kai mutum inda akwai na'urori da mutanen da suka taɓa warware irin wannan matsala.

Dubi Indiya. A 1996 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci mai tsauri a kan kamfanonin jima na jihar Tamil Nadu saboda gurɓata ruwa da gonaki, har aka rufe da dama. Cibiyar binciken fata ta CLRI da ke birnin Chennai, wadda aka kafa tun 1948, ita ce ta shiga cikin kamfanonin ta taimaka musu da dabarun tsaftace aiki, ciki har da tace kuromiyom daga ruwan a sake amfani da shi. Cibiyar tana ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta Indiya, CSIR, wadda take da shirin haɗin gwiwa da TWAS na karɓar masana daga ƙasashe masu tasowa. Ka ga kenan Dakta ɗan Kano da ya karanci kimiyyar sinadarai zai iya zuwa can da tambayar Challawa a jakarsa. Kuma ba hannu rabbana zai je ba. Kakanninmu da bagaruwa suke jima tun kafin zuwan Bature, fatar da ake kaiwa Turai ta hanyar Sahara har ake kiranta fatar Maroko. Tambayar yadda za a inganta jimar bagaruwa ta dace da babban kamfani tambaya ce da mu muka fi kowa cancantar yi. Ga kuma cibiyar nazarin fata ta NILEST nan kusa a Samarun Zariya.

Na san abin da wani zai ce: malam, kana magana ne don ba ka ɗanɗana ba. Wanda ya je ya ga ɗakin bincike da wuta ba ta ƙiftawa, ya dawo ya tarar ko injin sanyaya samfuri sai da janareta, me zai zaunar da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Hukumar TETFund da kanta ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon Janairun 2025, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai tsadar kuɗin waje da yawan waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Ni ba zan zagi wanda ya zauna can ba. Kowa ya san nauyin gidansu. Akwai wani malami da na sani, ya dawo da zumuɗinsa, ya yi wata uku yana zarya ƙofar wani kamfani don kawai a bar shi ya ɗebi ruwan kwata a kwalba. Mai gadi ne ya riƙa sallamarsa. Irin wannan ne ke kashe gwiwa, fiye ma da ƙarancin albashi.

Shi ya sa rabin maganata ta masu kamfanoni ce. Na san suna jin jiki. Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har ranar da aka sa mata kwaɗo, don haka ba labari ake ba ni ba. Ga kuɗin wuta na rukunin A da aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Amma buɗe wa mai bincike ƙofa ba ya cin miliyoyi. Daga 1993 kamfanoni a Najeriya sun yi shekaru suna biyan harajin ilimi, wanda shi ne kuɗin da aka riƙa horar da malaman jami'a da shi. Kun biya kuɗin horon, me ya sa ba ku son cin moriyarsa? Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a Kano za ta iya zama ta rubuta matsaloli goma da suka fi damun mambobinta, ta miƙa wa Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. Duk Daktan da zai nemi gurbi a waje ya zaɓi ɗaya, kamfani ya ba shi wasiƙar cewa in ya dawo za a gwada abin da ya gano a cikin masana'antar. Wasiƙa irin wannan tana ƙara wa takardar nema nauyi a idon masu tantancewa.

Kuma kar mu manta kuɗin baƙo ba abin jingina ba ne. Akwai shirin FLAIR, wanda cibiyar Royal Society ta Birtaniya da Cibiyar Kimiyya ta Afirka suka fara ba matasan masana tallafi a 2019 don su yi bincike a nan gida Afirka. A 2021 Birtaniya ta zaftare kuɗin agajin da take bayarwa, shirin ya tsaya. Kwaɗayi da kayan aro, ranar da mai shi ya buƙaci abinsa sai ka miƙa. In gwamnatin Kano da attajiranmu ba su sa nasu ba, kullum a bakin ƙofar wasu za mu tsaya.

Mu kuma masu waya a hannu, namu aikin ƙarami ne amma yana da amfani. Ka karanta sanarwa kafin ka tura. Waɗannan guraben da na lissafa ba a biyan kuɗin fom, duk wanda ya ce ka turo wani abu zai saka sunanka ɗan damfara ne. Galibinsu sai mai nema ya samo farfesan da zai karɓe shi, kuma sai yana da binciken da ya wallafa, don haka abin shiri ne na shekaru. In ka ga sanarwa, ka tura wa malaminku ko yayarka da ta gama digiri na uku, ya fi a cika zaure da "Allah ya sa da mu". Mu 'yan koyon aikin jarida kuwa, mu ɗauki waya mu je wajen malaman da suka auna ruwan Getsi, su yi mana bayani da Hausa a bidiyon minti biyu, manomin da ke shayar da latas ɗinsa da ruwan ya ji da kunnensa.

Ni ma ina so wata rana in ga sunana a irin wannan jerin, ba na ɓoyewa. Amma yanzu kullum na bi ta Sharaɗa, na toshe hanci kamar kowa, sai in tambayi kaina: in aka kira ni gobe aka ce me ka zo nema wa garinku, me zan ce? Kai ma ka fara tanadin taka amsar tun yanzu.