SHARHI: Matsayin Makaranta Wajen Kula Da Lafiyar Tunanin Yara A Yankin Bakolori

Idan dai jama'a ba su manta ba, cikin abin da bai wuce wata bakwai ba a shekarar 2021, 'yan bindiga suka afka wa makarantu uku a ƙananan hukumomi ukun da ke cin moriyar madatsar ruwa ta Bakolori. A daren 26 ga watan Fabrairu suka shiga Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kora ɗalibai 279 cikin daji, ba a sako su ba sai ranar 2 ga watan Maris. A tsakiyar watan Agusta suka faɗa Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, suka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu. Ranar 1 ga watan Satumba kuma, da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai 73 daga Makarantar Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, abin da ya sa gwamnatin wancan lokaci ta rufe makarantu a faɗin jihar.

Allah cikin ikonsa yaran sun dawo. An duba lafiyar jikinsu, an yi maganin ƙafafun da suka kumbura saboda tafiyar ƙasa, an miƙa su ga iyayensu, kowa ya yi hamdala. Tambayar da muke son yi a wannan sharhi ita ce: wane ne ya bi sawun abin da suka dawo da shi a zukatansu? Kuma kada a ɗauka waɗanda aka sace ne kaɗai abin ya shafa. Su ne ma 'yan kaɗan. Mafi yawa su ne abokan karatunsu da suka ɓuya a ƙarƙashin gado suna jin harbi, da ƙannensu da suka ga uwa tana kuka kwana da kwanaki, da yaran ƙauyukan da suka saba kwana a gona ko a cikin kwazazzabo da zarar an ji ƙugin babura, da waɗanda aka kashe mahaifinsu a kan idonsu, suka taso gudun hijira zuwa cikin garuruwan Mafara, Bakura da Maradun. Yawancin waɗannan yara babu wanda ya rubuta sunansu a wata takarda, amma wasu daga cikinsu suna zaune a azuzuwanmu yau da gobe.

Yaro ba ya zuwa ya ce yana cikin damuwa, domin bai san sunan abin da ke cin sa ba. Halinsa ne ke faɗa. Sai a ga wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Sai a ga mai surutu ya yi tsit, ko mai haƙuri ya zama mafaɗaci, abu kaɗan ya kai duka. Wani ba ya barci sai mafarkin tsoro, da safe ya zo aji yana gyangyaɗi. Wani kullum ciwon kai da ciwon ciki, a kai shi asibiti a auna ba a ga komai ba. Wata kuma idan aka buga ƙofa da ƙarfi, ko salansar babur ta yi ƙara, sai jikinta ya ɗauki rawa ta nemi wurin ɓuya. A ɗauki misalin yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu, sai ga shi cikin zango biyu ta koma can ƙarshe, ta karanta layi ɗaya sau biyar bai zauna mata ba. A gida za a ce ta sangarce, a makaranta a ce ta zama daƙiƙiya, daga nan sai a yanke shawarar tunda karatun ya ƙi, a yi mata aure. Alhali kuwa ƙwaƙwalwarta lafiya lau take, tsoro ne ya cika wurin da karatu zai shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin rabin larurorin tunani da manya ke fama da su tun kafin shekara 14 suke somawa, kuma a duniya baki ɗaya yaro ɗaya cikin bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata irin larura ta wannan fanni. Wannan lissafi ne na duniya, har da ƙasashen da ke zaune lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafi yawan yaran da suka firgita suna murmurewa da kansu idan suka sami kwanciyar hankali da babban da ke sauraronsu. Kaɗan ne abin ke zarcewa da su, kuma su ne idan an yi sake ake tsinta daga baya a wajen masu sayar da ƙwaya da sholisho, ko a hannun waɗanda ke neman matasa masu fushi su damƙa musu bindiga.

To, me ya sa muka ce makaranta? Dalili a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Manomin da ke Bakura ko Maradun idan yana neman ƙwararre, sai dai ya nufi Gusau ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya, ga kunyar a ce ya kai ɗansa gidan mahaukata. Saboda haka ba ya zuwa sai abin ya ci tura. Gaskiya ne a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ba ta san komai ba sai tsarewa, kuma sabuwar ta tanadi a sauko da wannan kulawa zuwa matakin farko. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta zuwa ƙauye. A ƙauyukanmu, ma'aikacin gwamnati ɗaya tilo da ke ganin yaro kwana biyar a mako, wanda ya san halinsa na bara har zai iya gane ya canza a bana, shi ne malamin makaranta.

Ba muna cewa a mai da malami likita ba ne. Abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfinsa ba, kuma ana koyar da shi cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagorar taimakon gaggawa ga wanda ya shiga firgici, wadda aka gina a kan abu uku: ka lura, ka saurara, ka sada mutum da inda zai sami taimako. Malami ya lura da yaron da ya canza. Ya kira shi gefe, ba a gaban 'yan aji ba, ya tambaye shi cikin lallashi, in ya yi magana ya saurara, in ya yi shiru ya ƙyale shi. Wannan gaɓa tana da muhimmanci, domin masana sun yi gargaɗin cewa tilasta wa wanda ya firgita ya maimaita labarin abin da ya same shi yana iya ƙara masa ciwo. Mun sha ganin baƙi sun zo da kyamara suna sa yaro ya ba da labarin daji tun daga farko, su tafi, wasu su zo gobe su sake. Ya kamata shugabannin makarantu su san suna da ikon hana wannan.

Sauran aikin na yau da kullum ne: a buga ƙararrawa a kan lokaci, a yi taron safe, a bar yara su yi ƙwallo da gaɗa da zane, domin tsarin da ba ya canzawa shi ke gaya wa zuciyar yaro cewa duniya ta koma daidai. Sai kuma batun bulala. Mun san da yawa daga cikinmu da ita aka rene mu, kuma ba mu zo yin gardama a kan tarbiyya ba. Amma yaron da aka kora cikin daji da duka, idan ya dawo aji ya ga malami ya ɗaga dorina, ba malami yake gani ba.

Akwai masu cewa wannan duk shafar aljanu ce, maganinta addu'a da ruƙya. Mu ba mu ga saɓani tsakanin addu'a da asibiti ba, kuma duk shirin da ya raina malaman addini a wannan yanki ya mutu tun kafin a haife shi. Tun a shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen jama'a tare da danginsu, ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya, har tsarin ya yi suna a duniya. Abin da ake buƙata shi ne limami da malamin allo da malamar Islamiyya su ma a gayyace su horon, su san alamomin da ke nuna lallai a garzaya asibiti: yaron da ke faɗuwa yana kumfa, wanda wataƙila farfaɗiya ce kuma tana da magani, da wanda ya daina ci da sha, da wanda ke cewa gara ya mutu. Ko ba komai, yaran da ke makarantun allo da na Islamiyya a ƙauyukanmu suna da ɗimbin yawa, kuma wasunsu ba su taɓa taka makarantar boko ba.

Game da 'yan mata kuwa, sirri shi ne kan gaba. Yarinyar da ta san abin da ta gaya wa malama zai iso bakin rijiya kafin la'asar, har ya ɓata mata maganar aure, ba za ta buɗe baki ba har abada. Don haka a kowace makaranta a sami mace guda amintacciya, ko malama ko wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata, kuma kada a rubuta sunan yarinya a wani littafin da kowa ke buɗewa.

A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka shiga gyaran azuzuwa da gina katanga. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026. Duk wannan abin a yaba ne, kuma abin da ya faru a Kuriga ta Jihar Kaduna a 2024 da Maga ta Jihar Kebbi a 2025 ya nuna katanga da masu gadi ba su zama tsohon yayi ba. Sai dai gini ana ganin sa, ana yanka masa ƙyalle, horon malami kuwa ba ya fitowa a hoto, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga kasafi. Mutanen Bakolori sun san wannan darasi fiye da kowa. An kammala madatsar a 1978, gini na gani na faɗa, amma ba a saurari manoman da aka raba da gonakinsu ba, har ta kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980. Jikokin waɗancan manoma ne ke cikin azuzuwan nan.

Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadar malami mai ba da shawara da jagoranci a makarantu. A wurare da dama sunan ne kawai, an ɗora wa malamin lissafi ko na Turanci ba tare da horo ko ɗaki ko lokaci ba. Sakatarorin ilimi na Talata Mafara, Bakura da Maradun za su iya farawa daga nan: su tantance makarantun da ke da irin wannan malami da waɗanda ba su da shi, su zaɓi biyu a kowace makaranta, namiji da mace, a nemi Kwalejin Ilimi ta Maru da ƙwararrun Kware su horar da su tare da jami'in asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, domin malamin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da sunan wanda zai tarar. A kuma tuna su kansu malaman a cikin wannan tsoro suke kwana, an sace wasunsu, an kashe 'yan uwan wasu, don haka horon ya ba su damar faɗin nasu.

Hakimai da dagatai da kwamitocin kula da makarantu kuma nasu aikin shi ne bin sawun yaron da ya daina zuwa. Idan an buɗe sabon zango, a ɗauko rajistar bara a gwada da ta bana, duk sunan da ya ɓace a tura mutum gidansu ya tambayi dalili.