Wuƙa da lemo

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gardama a kan ko ma'aunin da aka ƙera a Turai zai iya auna basirar kowa. A shekarun 1960, Joseph Glick, ɗan Amurka, ya jera wa manoman ƙabilar Kpelle ta Laberiya kaya 20: abinci, tufafi, kayan aiki da mazubai, ya ce su kasa su. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, tunda wuƙa ke yanka lemo. A takardar jarrabawa, wannan faɗuwa ce. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, nan take suka tara abinci gefe guda, tufafi gefe guda, daidai yadda Bature yake nema.

Maganar ta sake tashi a 2010, sa'ad da Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka tunatar cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da manyan mujallun fannin suka nazarta ƴan ƙasashen Yamma ne, alhali ƙasashen ba su wuce kashi 12 na jama'ar duniya ba. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne, amma a rubuce sunansu "ɗan Adam".