Lissafin Elementare da Tsadar Abinci

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hau, mudun gero ya bi shi. Magidanta sai kuka, amma kaɗan ne ke ƙirga abin da ke fita daga aljihunsu. Abin kunya ne! Kafin zuwan naira a 1973, yaron elementare ya san kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ya kan kasa su ba kuskure. Yau ga mai takardar shaida yana cin bashin biki, alhali gidansa ba hatsi. Tsada ba laifinsa ba ce, amma barin lissafi laifinsa ne. Wanda bai auna albashinsa da mudu ba, mai bin bashi zai auna masa.