Baƙo da Motar Haya a Nassarawa

Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata, amma duk wanda ya sauka Kano ba shi da motar kansa, ya nufi Nassarawa, zai tarar tambayar ma sai an sami wanda za a yi wa. Unguwa ce ta dogayen katangu da ƙyamaren ƙarfe, wadda Turawan mulki suka yanka wa kansu a wajen ganuwa. Tun asali ba don mai tafiya a ƙasa aka tsara ta ba. Alhali kuwa nan Gidan Gwamnati yake, nan Asibitin Nassarawa, nan kuma Gidan Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar cikin 1909. Talaka bai rabu da buƙatar zuwa ba.

Tun da aka hana acaɓa a watan Janairu na 2013, sufurin birni ya koma wuyan A Daidaita Sahu, keken nan mai ƙafa uku da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo a 2005. Ɗan gari ya san kuɗi, ya san inda zai tsaya. Baƙo kuwa da ya buɗe baki an gane shi, sai a ce wurin ba hanya ba ne, sai dai ya ɗauki shata. A ƙarshen Nuwamba na 2022 an kawo bas-bas na Kanawa, aka hana kekunan bin waɗansu manyan tituna, ba a jima ba aka janye hanin saboda koken jama'a.

Abin lura shi ne birnin Rum na Italiya. Motocinsu ba abin yabo ba ne ƙwarai: sukan makara, ma'aikata kan shiga yajin aiki, kuma mota mai lamba 64, wadda ke tasowa daga tashar Termini zuwa wajen Fadar Paparoma, ta shahara da 'yan sane. Duk da haka baƙon da bai iya ko gaisuwa da Italiyanci ba yakan sayi tikiti a kantin taba, ya buga masa hatimi a na'urar cikin mota, ya yi minti 100 yana sauya motoci da shi. Allon mazaya ya jera masa lambar kowace mota da wuraren da za ta bi. Ba ciniki, ba roƙon arziki.

Wannan allo da wannan lamba su ne abin da Kano ta rasa, kuma ba su kai tsadar gadar sama ko ɗaya ba. Masu cewa mutanen Nassarawa kowa da motarsa sun manta da masinja da mai gadi da mai jinya. Ya kamata a fara da layi ɗaya tak, daga Ƙofar Nassarawa ta State Road zuwa bakin asibiti, kuɗinsa ƙayyadadde, allonsa da boko da ajami, domin tsohuwar da ta zo dubiya daga Gezawa ta fi sabawa da baƙaƙen allo.