Dokta Johnson Da Ƙwallon Bakin Layi

Ran Litinin 16 ga Fabrairu, 1976, kwana uku bayan kisan Janar Murtala Muhammed, ana cikin buga wasan tanis a filin Lagos Lawn Tennis Club da ke Ikko, sai ga waɗansu sojoji sun faɗo suna ta faɗa, wai don me za a yi wasa alhali ƙasa tana cikin makoki. Aka ɗora wa Arthur Ashe, baƙar fata ɗan Amurka wanda a lokacin shi ne zakaran Wimbledon, bakin bindiga a gadon baya. Ya ɗaga hannuwa sama, ya fita daga fili ba gardama. Gaskiya ne a gaban bindiga kowa ma mai ladabi ne. Amma shi Ashe duniya ta riga ta san shi da wannan sanyin hali, kuma koya masa aka yi tun yana ɗan shekara 10.

Wanda ya koya masa shi ne Dokta Robert Walter Johnson, wani likita baƙar fata na garin Lynchburg a Jihar Virginia, wanda aka haifa a 1899. Sa'ad da yake ɗalibi a Jami'ar Lincoln, wajen ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa ya yi suna, har aka yi masa laƙabi da guguwa saboda gudunsa. Tanis kuwa sai da ya girma ya kama ta, kuma bai taɓa zama gwani na a zo a gani ba. A zamanin nan dokar wariyar launin fata ta hana baƙi shiga filayen Turawa a kudancin Amurka, saboda haka ya gina nasa fili a bayan gidansa. Duk hutun makaranta sai ya tara yara baƙar fata daga garuruwa dabam-dabam, ya ba su wurin kwana, ya ciyar da su, ya ɗauke su a motarsa zuwa gasa, yawanci da kuɗin aljihunsa. A 1946 shi da abokinsa Dokta Hubert Eaton suka ɗauki nauyin wata yarinya daga Harlem mai suna Althea Gibson. Ita ce ta ci Wimbledon a 1957 da 1958, baƙar fata ta farko da ta yi haka.

Gidan Dokta ba wurin hutu ba ne. Yaro zai tashi da sassafe ya gyara fili, ya cire ciyawar lambu, ya share wurin karnuka, sa'an nan a shiga horo. Akan ba shi doguwar sandar tsintsiya ya yi ta dukan ƙwallo da ita, don in ido ya saba da siririyar sanda, abin bugawa na sosai ya zama mai sauƙi. Da Ashe ya zo a 1953, ya soma musu da masu koyarwa, yana cewa ba haka malaminsa na gida ya nuna masa ba. Aka aika wa ubansa. Uban ya taso daga Richmond, ya ce masa ko dai ya bi abin da aka ce, ko kuwa ya tattara kayansa su koma gida. Yaro ya zauna.

To, abin da ake ta muhawara a kansa har yau shi ne dokarsa ta bakin layi. A gasar yara sau da yawa ba alƙalin wasa, kowane ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon abokin karawarsa ta faɗi ciki ko waje. Dokta ya ce wa yaransa in ƙwallo ta faɗi dab da layi, ko da ta fita da wajen inci biyu, su ɗauka ciki ta faɗi su ci gaba da wasa. Ba zagi, ba jefar da abin bugawa, ba ɓata fuska. In an cuce su, su yi shiru.

Waɗansu suna ganin wannan koya wa yaro ƙasƙanci ne, watau a nuna masa tun yana ƙarami cewa hakkinsa bai kai na ɗan Bature ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ya kamata a tuna da inda ake. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Jihar Mississippi, don kawai an ce ya yi wa wata Baturiya rashin kunya. Likitan da ya ɗauko 'ya'yan mutane amana ya kai su filin da da ƙyar aka yarda su taka, ya san cewa rigima ɗaya ta isa a rufe ƙofar ga duk waɗanda ke tafe a baya. Masu neman dalilin korarsu suna nan a tsaye, shi kuwa ya hana su dalilin.

Abin da masu sukar suke mantawa shi ne rabin dokar na biyu. Yaron da zai riƙa kyauta da maki, tilas ne ya fi abokin karawarsa nesa ba kusa ba, in ba haka ba kullum shi ne a ƙasa. Don haka ne horon ya yi tsanani haka. Yaran farko da ya kai gasar 'yan makarantun sakandare ta ƙasa a Charlottesville sun sha kashi ƙwarai. Bai ce an yi musu rashin adalci ba, ya koma gida ya ƙara wuta. A 1961 Ashe ya ci wannan gasar.

Nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu. Wanda ya zauna a Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Badun, ya ji kalmar nan har ta ishe shi: yi haƙuri, kai baƙo ne. Iyaye ma ita suke gaya wa 'ya'yansu, kuma sau da yawa ita ce ke tsare rai da dukiya. Sai dai da yawa nan suke tsayawa. A ce wa yaro ya sunkuyar da kai, amma ba a sa shi makaranta ba, ba a ba shi sana'ar da zai fi kowa iyawa ba, to an koya masa rabin karatun Dokta ne kurum, kuma rabin da ya fi ɗaci. Ko a tanis ɗin ma akwai misali a nan gida: Nduka Odizor da tsintar ƙwallo ya fara a Ikko, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Yara masu tsintar ƙwallo ba su ƙare ba, attajirin da zai ɗauki biyar daga cikinsu ya ciyar, ya horar, shi ne ya yi wuyar samu.

Haƙurin kuma ba kyauta yake zuwa ba. Ashe da kansa ya faɗa daga baya cewa yana jin kunyar yadda ya tsaya ga wasa sa'ad da tsararrakinsa suke shan duka a tituna wajen neman 'yancin baƙar fata. Da ya sami sunan da ba mai iya rufe masa baki, ya buɗe shi. A 1985 'yan sanda suka kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington yana zanga-zangar ƙin wariyar launin fata, a 1992 kuma aka sake kama shi a gaban fadar White House kan batun 'yan gudun hijirar Haiti.

Dokta Johnson bai ga wannan ba. Ya dai ga ɗalibinsa ya ci babbar gasar Amurka a 1968 da ta Ostireliya a 1970, sa'an nan ya rasu a 1971, shekara huɗu kafin Ashe ya ka da Jimmy Connors a Wimbledon.