Bikin Ƙarshen Shekara a Makarantun Ƙasar Ƙonni: Ranar Wanka Ba a Ɓoye Cibiya

Kowace shekara, da watan Yuni ya kama, makarantun boko na karkara sukan shirya bikin rufe shekara da kiɗa da jawabai da rabon kyaututtuka. Daga Alela zuwa Malbaza da Illela, ana tara kuɗin talakawa a yi shagalin yini ɗaya, a watse ba tare da an gaya wa iyaye kwana nawa 'ya'yansu suka yi karatu ba. Lokaci ya yi da za a mai da wannan rana ta zama ranar lissafi.

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan biki a ƙauyukan jahar Tawa ya san tsarinsa tun kafin a fara. Da sassafe an share fili, an kafa rumfa, an aro kujeru daga gidan maigari. An ce ƙarfe tara za a buɗe taro, amma manyan baƙi ba su isowa sai rana ta take tsaka, yara kuwa suna jere cikin zafi tun hantsi. Daraktan makaranta ya karanta jawabinsa da Faransanci, wakilin hukuma ya karanta nasa da Faransanci, iyayen da suka biya kuɗin rumfar suna can baya bisa tabarmi suna tafa wa maganar da ba su ji ba. Daga nan 'yan aji shida su yi wasan kwaikwayo a kan amfanin ilimin ɗiya mace, a yi kokowa da langa, a kira na ɗaya da na biyu da na uku a ba su littafin rubutu da biro da sabulu. A ci shinkafa, a ɗauki hoto, motoci su tayar da ƙura. Shekara ta rufu ke nan.

Babu mai hankalin da zai ƙi yara su yi murna. Abin tambaya shi ne: murnar me ake yi? Babu ɗan kasuwar Ƙonni ko na Badagishiri da zai yanka rago don murnar riba alhali bai ƙidaya kayan rumfarsa ba, bai duba littafin bashi ba, bai san abin da zai fitar na zakka ba. Makaranta kaɗai aka yarje wa ta yi walimar riba ba tare da ta buɗe littafi ba.

Shekarar da aka gutsure kai da wutsiya

A takarda, shekarar karatu wata tara ce, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Yuni. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Alela, da na Bazaga, da na Tsarnawa, lissafin ba haka yake ba. Inda ajin na zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, wato sai Nuwamba ta yi nisa. Kafin nan ma yaran suna gona wajen jigilar damman gero da roron wake. Malamin da aka turo sau da yawa bai iso ba, domin takardar aikinsa ta makara, ko kuwa yana can yana neman wanda zai sake masa wuri kusa da kwalta. A 2024 gwamnati da kanta ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar ruwa. Wannan a birni ke nan, balle ƙauye.

Tsakiyar shekara ma ba ta tsira ba. Ƙarshen kowane wata malamin kwantaragi yakan tafi gari neman ɗan abin da ake biyan sa, tafiyar yini guda ta koma ta kwana uku ko huɗu. Ranar kasuwa aji yakan ragu. A ƙasar Galmi da Dogarawa, inda albasa ce arziki, lokacin dashe da na cira suna kwashe hannuwa, har da ƙanana. A ƙara da kwanakin yajin aiki. Sannan ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni: iska ta kwashe zana, uba ya kira ɗansa shuka, makaranta ta rufe kanta ba tare da jiran izinin minista ba. Bikin da za a yi bayan haka ya fi kama da sadakar bakwai.

Ajin zana kuwa ba kwanaki kaɗai yake ci ba, har da rayuka. Ran 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kashe yara 20 a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara aƙalla yara 25 suka ƙone a Maraɗi. A lokacin hukumomi da bakinsu suka ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Abin takaicin wannan yanki ya fi na ko'ina: tun shekarun 1960 ake sarrafa siminti a Malbaza, manyan motoci suna ɗauke da shi suna wucewa bisa babbar hanya, suna bar wa ɗan da ke karatu cikin kara ƙura.

Ciwon ba na yau ba ne

Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, jininsu kuwa yana cikin abin da ya buɗe ƙofar Babban Taron Ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Makaranta ce ta biya kuɗin dimokuraɗiyya, ita ce kuma aka fara mantawa. Shekarun 1990 sun zo da bashin albashi na watanni, da yajin aikin da ba ya ƙarewa, da abin da ake kira farar shekara, wato shekarar da aka shafe gaba ɗaya kamar ba a yi ta ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi da alli suka yi sama. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta zo da kyawawan alkawura, amma a zamanin ne kuma aka kama hanyar cika azuzuwa da malamai masu arha, da sunan 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, bisa shawarar masu ba da lamuni.

Yara sun ƙaru a makaranta, wannan gaskiya ne. Amma binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da 90 cikin 100 na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, duk da haka mafi yawansu suna ƙasa da matakin. A 2017 da aka jarraba malaman kwantaragi, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Aka yi ta zagin malamai, aka ƙyale waɗanda suka ɗauke su aiki ba horo, suka tura su ƙauye ba gida ba littafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba a taɓa jin sa cikin jawabin rufe shekara.

Wa ya biya, wa ya ci?

Kuɗin bikin daga aljihun iyaye suke fitowa: dala hamsin nan, dala ɗari can, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi yana neman iri. Wanda bai biya ba, ɗansa ne zai ji kunya gaban abokansa. Sannan a rubuta takardun neman taimako a bi Alhazan gari rumfa rumfa. Alhaji ya ba da buhun shinkafa, a kira sunansa a lasifika sau uku, ya koma gida da zaton ya taimaki ilimi. Da an gaya masa kuɗin buhun nan za su gyara tebura nawa, da watakila ya sake shawara. Amma ba a gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba, alhali a kasuwa ba ya sakin dala sai ya san inda za ta kwana.

'Yan siyasa kuwa tun zaɓen 1993 suka gane cewa farfajiyar makaranta filin taro ce ta kyauta. An ga masu neman kujera suna raba littattafai goma gaban mai ɗaukar hoto, suna alkawarin aji uku na siminti, ba a sake ganin su ba sai zaɓe na gaba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja. Hulunan da ke jeren gaba suna sakewa, zanar da ke bayansu tana nan.

Ma'aikatan gwamnati ma ba su da ta cewa. Da yawa cikin masu zaman jeren gaba 'ya'yansu ba sa karatu a irin wannan makaranta: suna makarantun kuɗi a Ƙonni, ko Tawa, ko Yamai. Rahoton ƙarshen shekara yana tashi daga darakta zuwa sufeto, daga sufeto zuwa jaha, daga jaha zuwa ma'aikatar minista. Kullum sama yake yi. Bai taɓa saukowa ga uban yaro ba, wanda shi ne mai kayan.

Waɗanda ba a kira sunansu

Ana kiran yara uku a kowane aji a ba su kyauta. Ba a kiran waɗanda aka rubuta a Oktoba suka ɓace kafin Yuni. Ina yaron da ya bi yayyensa cin rani zuwa Najeriya, ko Abijan, ko Libiya? Ina yarinyar da ta yi wasan kwaikwayon bara a kan ilimin ɗiya mace, aka ɗaura mata aure bayan girbi? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A Disamban 2017 aka sa hannu a kan dokar kare karatun ɗiya mace. Dokar tana Yamai, yarinyar tana ɗaki. Makarantar da ta karɓi yara sittin a ajin farko ta kai ashirin aji shida, ya kamata ta bayyana inda arba'in suka shiga kafin ta kira makaɗa.

Za a ce bikin ne kaɗai ranar da gari da makaranta suke haɗuwa, ranar da tsohuwar da ba ta taɓa taka farfajiyar ba take zuwa ta ga jikanta ya hau dandali. Wanda ya taɓa bikin ya taɓa zumuncin. Maganar tana da ƙarfi, amma hujja ce a kan masu kawo ta. Tun da rana ɗaya ce tak ake samun maigari da liman da iyaye mata da 'yan kasuwa wuri guda, ɓarnatar da ita a kan jawaban godiya babban laifi ne. Za a kuma ce tona gaskiya gaban jama'a zai kunyata malamai. Malamin kirki ba ya tsoron ƙidaya: ita ce za ta nuna cewa kwanakin da ya rasa a hanyar karɓar albashi ya rasa su, ba a inuwar gawo ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jahar Tawa ta taɓa nuna hanya

Ba sabon abu ake nema ba. A 2004, a wannan jaha ta Tawa aka fara shirin makaranta don kowa, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan. Aka zaɓi kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri maimakon naɗi, gari ya zauna ya tsara aikin shekara, ya tara abin da zai iya, ya dawo a ƙarshe ya ji yadda aka kashe. Abin ya karɓu har aka yaɗa shi a duk ƙasa a 2007, daga baya aka sake wa kwamitocin suna CGDES. Ƙashin bayan tsarin shi ne babban taron gari, inda ma'aji yake faɗin kuɗin shiga da na fita da harshen da kowa ke ji. Inda aka riƙe wannan taro, an ga azuzuwa sun tashi da gumin mutanen gari. Inda aka bar shi ya mutu, kwamiti ya koma mutum biyu da hatimi, biki ya maye gurbin lissafi.

Saboda haka abin da ya kamata iyaye su nema, 'yan kasuwa su sa shi sharaɗi kafin su ba da ko dala, bai wuce abu biyar ba. Na farko, kafin a buga ganga, darakta ya faɗi da Hausa ranar da aka fara karatu, da ranar da aka daina, da yawan kwanakin da aka rasa da dalilinsu. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin ɓuya bayan Faransanci. Na biyu, ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, a rubuta a allo a bar shi a fili. Na uku, a faɗi yawan yaran da aka rubuta da yawan waɗanda suka rage, maza daban mata daban, a wakilta dattawan da za su bi sawun waɗanda suka ɓace. Na huɗu, tun da an maido da jarrabawar CFEPD a 2024 bayan wajen shekara goma da dakatar da ita, a bayyana sakamakon bara gaban kowa, kuma a ɗauko yaro daga tsakiyar aji, ba zakaran aji ba, a ba shi littafi ya karanta. Na biyar, a tsai da ranar buɗewa ta baɗi tun yanzu, a san wanda zai ajiye kara da itace, da wanda zai sauki malami, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan wannan sai a yi kokowa, a yi langa, a ci shinkafa har dare. A lokacin an san abin da ake wa murna. Sufeto ko darakta ko shugaban kwamitin da ya ƙi a buɗe littafi gaban iyaye, ya riga ya ba da amsar abin da ke ciki. Iyayen Alela da na Malbaza da na Illela suna da ikon riƙe dalolinsu a aljihu har ranar da za a karanta musu shi.