Lanho ya shiga akwati, ɗalibi yana cikin zana

Kowace shekara hukuma kan sanar da komawa makaranta a farkon watan Oktoba, amma a ƙauyuka da unguwanni da yawa ba a fara karatun gaske sai an girbe hatsi an samu karan kafa rumfa. Haka kuma da zarar hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni, iska ta kwashe zana, shekarar karatu ta ƙare ba tare da an jira ranar da minista ya tsayar ba. A shekarar 2021 mahukuntan ƙasa da bakinsu suka ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a Nijar. Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa mai biyan patanti da ma'aikaci mai biyan harajin albashi su yi ita ce: wa doka ta ɗora wa gina aji, kuma da wane kuɗi?

Doka ba ta ɓoye amsar ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati, ƙananan hukumomi da iyayen yara. A 2004 aka yi zaɓen kansiloli a komin 265, a 2010 aka fito da kundin dokokin ƙananan hukumomi, sa'annan a watan Janairun 2016 gwamnati ta miƙa wa komin-komin iko a fannoni 4: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Gwamnati ta riƙe albashin malamai da tsarin karatu. Ginin ajin firamare, gyaransa, tebur da benci, duka suka koma wuyan magajin gari. A kan takarda abin ya yi kyau, domin wanda ke kusa da rumfa ya fi wanda ke Yamai sanin inda ruwa ke yoyo. Sai dai an ba komin akuya, an riƙe igiyar.

Hanyoyi 3 ne kuɗi ke bi su shiga akwatin komin. Ta farko ita ce abin da komin ke tarawa da kanta: lanhon kai, wanda masu gari, masu unguwa da hakimai ke karɓa suna samun ladansu a ciki, da tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta da kuɗin dabbobi a kara. Ta biyu ita ce harajin da ofishin haraji na ƙasa ke karɓa, irin su patanti da harajin gidaje, daga baya a mayar wa komin da kasonta. Ta uku ita ce tallafin gwamnati da na ƙasashe da ƙungiyoyin waje.

Mu yi lissafi irin na ɗan tireda. A shekarun farko na komin-komin, lanhon kai a karkara dala 140 ne, wato sefa 700 ga kowane baligi mai biya. A ƙaddara wata komin tana da masu biya 20,000, kuma kowa ya biya ba a rasa ko ɗaya ba: an tara miliyan 14 ke nan. Daga ciki za a fitar da ladan masu karɓa, albashin sakatare da ma'aji, kuɗin zaman kansiloli da man mota. Nawa ya rage wa makarantu masu yawa da ke warwatse cikin ƙauyukanta? Wannan fa a shekarar da damina ta yi kyau. A shekarar fari, wanda ya sayar da tunkiyarsa ya sayi tiyar hatsi ba shi da abin biyan lanho.

Nan ne rashin adalcin ya samo tushe. Komin da ke da babbar kasuwa, tasha ko kara mai ci, irin Maraɗi, Birnin Ƙonni ko Damagaram, tana da maɓuɓɓugar da komin ta cikin daji a gundumar Dakwaro ko Tanut ba ta da ita. Yaro bai zaɓi garin haihuwarsa ba, amma akwatin garin ne ke yanke masa hukuncin ko zai zauna kan benci ko kan turɓaya, alhali jarrabawa ɗaya ke jiransu duka. Su ma garuruwan bakin iyaka arzikinsu a kan siraɗi yake. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk motar da ba ta shigo tasha ba tikiti ne da ba a yanka ba.

Domin cike wannan giɓi ne aka kafa hukumar ANFICT a 2008, mai rarraba tallafi da kuɗin daidaita masu shi da marasa shi. Haka nan dokar ma'adinai ta 2006 da ta man fetur ta 2007 sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ga ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙowa. Manufa ce mai kyau. Amma shekara da shekaru magadan gari suna kuka da abu guda: kuɗin da doka ta ce nasu ne ya kan makale a baitulmali, ya zo a makare, ko ya zo rabi. Magini ba ya karɓar alkawari a madadin siminti.

Duk da haka, kada kowa ya fake da talauci. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamban wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka ƙone. Allah ya jiƙansu. Ina waɗannan masifu suka faru? A babban birnin ƙasa, da kuma birnin da muke yi wa kirari da cibiyar kasuwanci. Akwatunan waɗannan birane ba su kai girman buƙatarsu ba, gaskiya ne, domin jama'a na kwarara cikinsu fiye da yadda ake gini. Amma sun fi na kowa nauyi. Idan a can ma ƙananan yara na cikin zana, to matsalar ba ta tsaya ga ƙarancin kuɗi ba, ta kai ga abin da ake sa wa gaba ranar rubuta kasafi.

Kasafin komin gida biyu ne: kuɗin tafiyar da ofis da kuɗin ayyukan raya gari. Na farko ba ya jira, domin masu cinsa suna cikin ofis, suna da baki. Na biyu shi ake yanka duk lokacin da abin da aka tara bai kai abin da aka yi hasashe ba, domin ɗan shekara 7 ba ya zuwa zaman majalisa. Sau da yawa ana kumbura hasashen kuɗin shiga a farkon shekara, a jera azuzuwa a takarda, a ƙarshen shekara a tarar ofis ya ci nasa, aji bai samu ko bulo ɗaya ba. Daga nan sai a juya ga iyaye ta hannun kwamitin kula da makaranta: ku kawo kara, ku kawo itace, ku kawo kuɗin alli. Talaka ya biya lanho, ya sake biyan rumfa. Mai hali kuma ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ya daina tambayar inda harajinsa ya tafi.

Mu ma masu biya muna da namu laifin. Ɗan kasuwar da ke miƙa wa mai karɓa rabin kuɗi ba tare da tikiti ba, shi da mai karɓar sun raba bencin yaro a tsakaninsu. Ɗan siyasar da ya riƙa sassauta karɓar lanho idan zaɓe ya ƙarato ya sayi ƙuri'a da rufin aji. Ɗan kasuwa zai ce ba ya biya don ba ya gani a ƙasa, hukuma ta ce ba ta yi don ba a biya ba. Wannan jayayya ba za ta mutu ba sai wanda ke riƙe da akwati ya fara buɗe shi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A watan Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma ya cire zaman da kansila kan tashi ya tambayi ina kuɗin makarantar ƙauyensa. Wanda aka naɗa daga sama ya fi wanda aka zaɓa buƙatar nuna lissafi, tunda ba shi da wata shaidar amana sai ita.

Saboda haka muna kira da abubuwa 4. Kowace komin ta liƙa a ƙofar ofishinta da bakin kasuwa, ta kuma karanta a gidan rediyon gari da Hausa da sauran harsunan ƙasa, abin da ta tara da abin da ta kashe wa makaranta, kafin komawa karatu. A tsayar da kaso sananne na tikitin kasuwa da na kara domin ginin aji, wanda ba a taɓa shi don man mota. Baitulmali ya biya komin-komin haƙƙinsu a ranar da aka sani, a kuma raba kuɗin daidaitawa bisa yawan yaran da ke cikin zana. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata kuma su riƙa biya da tikiti, su riƙa neman lissafi da sunan mambobinsu.

Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ajin da za a shiga a Oktoba mai zuwa, cikin kasafin bana ake gina shi. Duk wanda ya karɓi dalarmu, ya nuna mana bangon da ta tayar.